Turumba ta Biyu

Jiya ina daga ƙarƙashin motar Bayamanen nan na ji ɗaya daga cikinku, ku yaran aikina, ba zan kama suna ba, amma shi ne mai askin da ya yi kama da an yi gobara a gefe ɗaya, yana cewa aikin turumba ai ba aiki ba ne. Wai noti huɗu, waya biyu, halas, an gama. Na kuma ji kuna gulmata cewa kullum sai rana ta ɗaga nake shigowa warsha, garejin nan namu, ina ƙamshin man gyaɗa kamar mai tuyar ƙosai. Duka biyun na ji, kunnena bai tsufa ba, gwiwa ce kawai ta ci amanata. To ku ajiye wayoyin nan ku matso, amsar biyun guda ce.

Abin da mutanenmu a gida suke kira famfon mai, shi ake ce wa turumba a nan Jidda. Aikinta ɗaya tak: ta zuƙo fetur daga tanki ta tura wa inji. In ta mutu a mota, sai ka gangara gefen titi, ka zagi wanda ya sayar maka da ita, ka kira motar ja. Ni kuwa na taɓa ɗaura turumba a wurin da babu gefen titi.

Amma bari in faro daga bokiti, don da bokiti na fara. Na zo daga Gusau ina saurayi da sunan umara, umarar da har yau ban yi mata ɗawafin bankwana ba. Na yi dako a unguwar Bab Makka, na yi wankin mota, har Allah ya haɗa ni da Mu'allim Usmanu, wani Bahaushen Sudan mai warsha a nan unguwar masana'antu, Allah ya jiƙansa. Na shiga wurinsa ina ganin washegari zan fara kwance inji. Ya miƙo mini bokiti da tsohon buroshin haƙori ya ce in wanke noti. Na wanke noti har fatar hannuna ta yi fari fat, har na fara mafarkin noti. Da ya ga ban gudu ba sai ya ƙara mini girma, ya ba ni tiyo in riƙa zuƙo fetur da baki. Feturin da na haɗiya a shekarun nan, da mota ce ni da na kai Madina na dawo. Shi ne kuma daga baya ya yi mini hanyar kafili, ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, na samu iƙama, wato takardar izinin zama, na daina tsallaka katanga in na hango motar 'yan sanda.

Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba. Sifana, filaya, ɗan agogon gwada ƙarfin mai, da wata doguwar sukundireba mai ƙotar itace. Ita wannan ba don kwance komai yake riƙe ta ba. Sai ya ɗora bakinta a jikin turumba, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi, ya ce, "Wannan ba za ta kai Ramadan ba." Kuma ba ta kaiwa. Ni da na fara gwadawa, ba abin da na ji sai bugun zuciyata. Masu mota kuwa duk bakinsu ɗaya, Bamisire ne ko Ba'indiye ko namu: "Wallahi jiya lafiyarta ƙalau." Mu'allim sai ya ce, "Kowane mamaci ma jiya da ransa."

Yana da doka guda da ba ya sassautawa. Wanda ya gyara mota shi zai fara tuƙa ta, ya zagaya unguwar masana'antu ya dawo, mai motar yana tsaye yana kallo. Ko birki ne, ko sitiyari. Ya ce hannun da ya san shi zai zauna a ciki ya fi ɗaure noti da kyau. Ku riƙe wannan dokar a ranku, za ta dawo ta cije ni.

Wata jif ce ta fara koya mini turumba biyu. Ta wasu masu shiga sahara farauta ce, suna so in ɗaya ta mutu a tsakiyar rairayi ɗaya ta karɓa. Mu'allim ya bar mini aikin ni kaɗai. Kai, na zuba fasaha! Na jera su gefe da gefe, na naɗe wayoyin tsaf, na haɗe su a fiyus guda don kada wuri ya yi tarkace. Na kira shi ina washe baki. Ya duba, ya ce, "Turumba nawa ka ɗaura, Ila?" Na ce biyu. Ya sa yatsa biyu ya zare fiyus ɗin nan, mota ta yi tsit. Ya ce, "Yanzu fa nawa gare ka?" Ya ce duk abu biyun da suka rataya a ƙusa ɗaya, abu ɗaya ne, sai dai ka biya kuɗin biyu. Na kwance aikin kaf na sake, su masu farauta suna shan shayi suna yi mini dariya da Larabci.

Shekaru suka tura. Mu'allim ya rasu, na zama ni ne babba a warsha, har aka laƙaba mini Ila Turumba. Na auri Hajiya Asabe. Kada ku ji Hajiya ku zaci wata mai dukiya ce, a garin nan kowace mace Hajiya ce. Muka kama haya a unguwar Madain Fahd, Allah ya ba mu 'ya'ya uku, duk a nan aka yanke musu cibiya. Gusau a bakina kawai suka san ta. In na yi musu Hausa su amsa mini da Larabci, kamar dai ku.

Sai shekarar korona. Ku a lokacin murna kuke yi an rufe makaranta. Mu kuwa motoci suka kwanta a ƙofar gidaje, kuma motar da ba ta tafiya turumbarta ba ta mutuwa. Ko da aka buɗe gari, aiki bai dawo ba. Sai in zo in buɗe warsha, in goge sifana, in kori kyanwa, in rufe. Rannan kafilina ya zo, bai ko zauna ba, ya ce ya gaji da biyan hayar wurin da ba ya kawo komai, zai rufe. Ya ce in iƙamata ta ƙare ba zai sabunta ba, in nemi wanda zai karɓe ni, in ban samu ba sai fita ta ƙarshe daga ƙasar. Iƙamar kuwa 'yan watanni suka rage mata, kuma ta matata da ta yaran duk a jikin tawa suke rataye. Kun ga ƙusa ɗaya ke nan. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ya haura hamsin, ya kwashi yara uku da ba su iya cin tuwon dawa ba, ya kai su garin da shi kansa sai an nuna masa hanyar gidansu.

A watannin nan ne Hajiya Asabe ta tsiro da tuyar masa. Tun kafin kiran asuba sai in ji cuwat-cuwat a kicin, hayaƙin mai ya cika ɗaki. Ni a zatona neman abin yi take, zaman gida ya ishe ta. Har ƙorafi nake: "Wai ni kullum masa, kullum masa? An ɗaura mana aure da ita ne?" Sai ta ce, "Ci dai, Malam." In ci, in sha shayi, in ɗauki makullin warshar da ba kowa a ciki in fita da tafiyar mai aiki.

Wata tsohuwar marsandi ce ta kawo mini Kyaftin Abu Majid. Dattijo ne ɗan asalin Jidda, ya yi shekaru yana tuƙa manyan jiragen sama har ya yi ritaya. Wata Bahaushiya ce ta raine shi yana yaro, amma Hausar da ta rage masa kalma biyu ce, "sannu" da "wahala", sauran maganarmu duk da Larabci. Na daɗe ina duba masa motar. Rannan ya tarar da ni ina gyangyaɗi a kan taya, ya ce, "Sannu, wahala?" Na ce wahala kam, na zayyana masa komai. Ya ce, "Yalla, tashi, shiga mota."

Ya kai ni wani shingen hutawarsa a arewacin gari. Da na hango doguwar rumfar kwano na ɗauka kaji yake kiwo. Ya ja ƙofa, sai ga jirgin sama. Jirgi fa na gaske, da fukafukai da farfela, amma ɗan ƙarami mai kujera biyu, in ka tsaya kusa da shi kana leƙa cikinsa. Ashe a akwatuna ya sayo shi gunduwa-gunduwa, shekaru yana harhaɗawa da hannunsa. Injin kuwa injin mota ne aka juya shi ya zama na jirgi. Na dube shi na ga ɗan'uwa, na san kowane noti a jikinsa. Kyaftin ya ce irin wannan inji ba ya shan mai sai turumbar lantarki ta tura masa, in ta tsaya shi ma ya tsaya. Yana so a ɗaura ta biyu, kuma mai kunne yake nema. Ya ce, "Ka yi mini wannan aiki. In jirgin ya tashi ya sauka a kan turumbarka, ni zan karɓi warshar, in mayar da kafalarka hannuna." Na ce na yarda tun bai rufe baki ba.

Ga noti huɗu da waya biyun naku. Da farko inda za a ɗaura su. Dole su zauna ƙasa da tanki, nesa da zafin inji, don zafin garin nan yana tafasa fetur a cikin tiyo, turumba ta riƙa zuƙar iska tana ihu ba mai. Sannan kowacce da tata ƙofar daga tanki, ta biyun na ɗan ɗaga bakinta sama da na ta farkon. Kowacce da matacinta, da wayarta, da fiyus ɗinta, da makunninta. Har ɗan ƙaramin batir na daban muka ajiye wa ta biyun. A gaban kowacce kuma sai bawul mai hanya ɗaya, in ba haka ba, ranar da ɗaya ta mutu, mai ran sai ta riƙa tura fetur ta cikin gawar yana komawa tanki, inji yana nan yana jiran tsammani. Wayar ƙasa ma da muke mannawa a jikin mota mu wuce, a nan babu, don jikin jirgin ba ƙarfe ba ne, wani abu ne kamar roba mai tauri da ake yi da zare da gam. Sai da na ja wa kowacce tata har batir. Duk inda hannuna ya so haɗe abu biyu don tsafta, sai in ga yatsun Mu'allim suna zare fiyus.

Shi kuwa Kyaftin, ban taɓa aiki da mai tsanani irinsa ba. Kowane noti sai an huda shi an ɗaure da siririyar waya don kada girgiza ta kwance shi. Na gama, ya zo da tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori ya leƙa bayan abin da na yi. Duk abin da zai shiga jirgin sai ya ɗora shi a sikeli, har maɗaurin tiyo. Rannan ya gama auna wani ƙarfe, ya juyo ya kalli tumbina ya daɗe yana kallo. Ni ban gane dalilin kallon ba sai daga baya.

Da aka zo gwaji, me kuke tsammani aka ɗauko? Bokiti. Muka ɗaga hancin jirgin sama kamar yana hawa, muka cire tiyo daga inji muka sa a bokiti, muka kunna ta ɗaya ita kaɗai, yana duba agogonsa, muka auna abin da ta zubo. Muka yi wa ta biyu haka. Muka sake da tanki cike, muka sake da tanki saura kaɗan, muka sake da tsakar rana lokacin da kwano ke ƙona hannu. Shekara talatin ina sana'a, ga ni tsugune da bokiti kamar ranar farko.

Yanzu ga inda na jawo wa kaina. Ranar Juma'a bayan masallaci nakan je Bab Makka wurin 'yan'uwa, mu ci shinkafa mu sha shayi. To mutumin da ya yi watanni ba shi da labari, yau ya samu. Na ce musu jirgin sama nake ƙerawa. Ban ce turumba ba, jirgi na ce. Mako na gaba jirgin ya ƙara girma, wani makon har na fara gyara wa matuƙin jirgi kurakuransa. Suka sa mini Kyaftin Ila, in na doso a tashi a sara mini, ni kuma ina amsawa. Shi ma Kyaftin na gaskiyar ban bar shi ba, na cika shi da labarin Mu'allim Usmanu, har da dokar nan ta wanda ya gyara shi zai fara tuƙawa. Da bakina na faɗa masa, ina alfahari.

Masu duba jirage suka zo suka duba, aka ba shi izini. Aka kai jirgin wani ƙaramin fili na masu irin wannan sha'awa a cikin sahara. Kyaftin ya tashi da shi shi kaɗai, ya sake tashi, ya sake, turumba biyun duk a kunne, lafiya lau. Na ce alhamdu lillahi, sai maganar kafala. Ya ce, "Saura gwaji ɗaya. Ba a taɓa kashe ɗaya a sama an ga ɗayar ta riƙe ita kaɗai ba. Na ajiye maka wannan. Kai za ka zauna a kujerar nan, da yatsanka za ka kashe."

Jama'a, wanzami ba ya son jarfa. Ni da sau ɗaya na taɓa shiga jirgi a rayuwata, ranar zuwa, kuma tun daga Kano har Jidda kaina na cikin leda. Na ce ina da hawan jini. Ya ce shi ma. Na ce nauyina zai yi yawa. Ya ce ya riga ya auna ni da ido, ya rage fetur daidai tumbina. Na ce ai gwajin bokiti ya isa. Ya ce, "Mu'allim ɗinka da bokiti yake zagaya unguwa?" Baki shi ke yanka wuya. Iƙama kuwa saura 'yan makonni. Na ce to.

Ranar da safe Hajiya Asabe ta ajiye mini masa, na kasa ko kallon masar. Na fara yi mata wasiyya, ina gaya mata inda takardun yara suke. Ta ce, "Malam, ci. In aman ya zo ka samu abin fitarwa." Ta juya ta ci gaba da jera masa a kuloli, ko kallona ba ta sake yi ba. Har na ji haushi, na ce mutum zai tafi lahira ana ta tuya.

Muka isa fili rana ba ta yi zafi ba. Aka cusa ni a kujera, aka ɗaure ni, aka kifa mini abin ji a kunne. Kafin mu tashi muka gwada a ƙasa: ta ɗaya ita kaɗai, lafiya, ta biyu ita kaɗai, lafiya. Muka kunna duka biyu. Jirgi ya zabura, na runtse ido, duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa. Da na buɗe ido ɗaya sai na hango teku can gefe, ga motoci a titi kamar tururuwa, na mayar da idon na rufe. Kyaftin ya yi ta hawa yana zagaya saman filin, don ko wani abu ya faru ya iya saukowa ba inji. Wannan bayanin da ya yi mini don in kwantar da hankali shi ya ƙara mini tsoro.

Can na ji muryarsa a kunne: "Yalla ya Kyaftin Ila, kashe ta ɗaya." Ashe har sunan ya kai masa. Na miƙa yatsa, na yi bisimilla, na danna. Shiru, ba abin da ya faru. Inji na ta kiɗansa, allurar agogon mai ko gezau. Wayyo daɗi! Nan take tsoro ya gudu, na buɗe ido biyu, har na fara tsara yadda zan ba da labarin ranar Juma'a. Da hankalina na jikina, da na tuna cewa a ƙasa in aka kashe ɗaya allurar takan ɗan sunkuya kaɗan. Wannan ba ta sunkuya ba. Amma wanda ke shirya jawabin Bab Makka ina ya ga allura?

Ya ce, "Mayar da ita. Yanzu kashe ta biyu." Na mayar da ta ɗaya, na danna ta biyu da ƙarfin hali, har da ɗan salo.

Inji ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, sai iska kawai tana fito a jikin gilashi, hancin jirgi ya sunkuya. Ni Ila, mai furfura, uban 'ya'ya uku, na buɗe baki na ce, "Wayyo Inna!" Innar da ta shekara ashirin a ƙasa. Kyaftin ya miƙo hannu ya ture nawa ya mayar da makunnin ta biyu. Farfela na juyawa da iska, inji ya yi tari, ya kama, ya ci gaba kamar ba shi ba. Sai ya ce da Hausarsa, "Wahala." Ya juya kan jirgi muka sauko, a kan turumba ta biyu ita kaɗai.

Da na fito daga jirgin sai na zauna daɓas a rairayi. Masar da ban ci ba ma sai da ta nemi hanyar fita. Da na dawo hayyacina na rarrafa na kwance matacin ta ɗaya. Cike yake taf da wani farin gari kamar auduga, ɓurɓushin zaren da aka yi tankin da shi. Duk wankin da aka yi wa tankin bai fitar da shi ba, sai da jirgi ya yi ta tashi yana girgiza ya tattaro shi a gindi, ta ɗaya ta zuƙe ta shaƙe. Na buɗe na ta biyu, ɗan kaɗan ne a ciki, don bakinta yana sama. Wato tun muna hawa ta ɗaya ta daina kawo komai. Tana nan a kunne, tana ƙara, tana cin wuta, ba ta tura ko ɗigo. Ta biyu ce ke ɗauke da mu, kuma ta rufa mata asiri har ba wanda ya sani.

Na riƙe matacin nan a hannu na ce shi ke nan, Gusau ta kira. An ba ni aiki, inji ya mutu a sama, da me zan kare kaina? Kyaftin ya zo ya tsuguna, ya karɓa, ya juya shi, ya ce tankin shi ya haɗa shi, ɓurɓushin nasa ne. Na ce amma turumba ta mutu. Ya ce, "Ta ɗaya kowa yana iya ɗaura ta, kuma kowace ta ɗaya tana da ranarta. Ni don ta biyu na kira ka. Da matacinsu ɗaya ne, da yanzu ana nemanmu a rairayi." Ya ce in kawo iƙamata gobe. Wannan warshar da kuke tsaye a ciki, daga ranar ta koma hannunsa. Kafin jirgin ya sake tashi muka wanke tanki, muka kuma ƙara ɗan jan ƙwan fitila a gaban matuƙi, wanda zai kama da zarar ɗaya ta daina turawa, don kada a sake rufa wa matacciya asiri.

Na koma gida da la'asar ina tafiya ƙasa ba ta ɗaukata. Na tara Hajiya Asabe da yara na ba su labari, na tsallake wurin Inna. Na yi ta zuba bayani: yadda ta ɗaya take ta ƙara a banza, yadda ta biyu ta ɗauki nauyi shiru ba wanda ya lura, yadda ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Tana zaune tana kankare tandar masa, ba ta ɗago ba. Da na kai aya sai ta ce, "Allah ya kyauta gaba. To ita ta biyun, Malam, wa yake duba lafiyarta?"

Na buɗe baki zan yi mata bayanin mataci, sai idona ya sauka a hannunta. Duk tabon ƙunar mai ne, sabo a kan tsoho, har gwiwar hannu. Na dubi kulolin da ke jere a bango, sun fi ƙarfin cikin mutum biyar nesa ba kusa ba. Sai a lokacin na tambayi kaina abin da ban tambaya ba tsawon watannin nan: mai gidan da muke ciki bai zo ya buga ƙofa a kan haya ba, wuta ba a yanke ba, tukunya ba ta sauka ba, ni kuwa ban kawo komai ba. Babbar 'yata ta ce, da Larabcinta, ai Mama sayar da masar take, gida-gida take aikawa a Madain Fahd, in ba mai kaiwa ta yafa abaya ta kai da ƙafarta. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a gaban Mu'allim. Ina nan a kunne, ina ƙara, ina cin masa har da ƙorafi.

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "Kana fita da makulli a hannu kamar mai aiki, in tare ka in ce me?"

Washegari Kyaftin Ila ya ɗauki kula biyu a kowane hannu ya bi layin Madain Fahd yana sallama a ƙofar gidaje. Ta ce ba za ta daina tuyar ba, ta yi masu saye, kuma ba ta ga dalilin da gida zai sake rataya a ƙusa ɗaya ba. Har yau ni nake kaiwa, shi ya sa kuke ganina a makare ina ƙamshin man gyaɗa. Kai mai askin gobara, tashi ka ɗauko bokitin can, akwai noti a ciki.